Jagorar ziyarar musayar sana'a a ƙasar waje ga ma'aikacin Damagaram

Ƙungiyar Rotary, ta ƴan sa kai mai kulob-kulob a ƙasashen duniya, tana da tsohuwar al'ada ta tura ƙaramar tawagar ma'aikata zuwa wata ƙasa, su yi ƴan makonni suna kallon yadda takwarorinsu ke gudanar da aiki, su ma su nuna nasu. Ungozoma ta sauka wurin ungozomomi, malamin makaranta wurin malamai, mai aikin ruwa wurin masu aikin ruwa. Labarin irin wannan tafiya yakan iso Damagaram a makare, kuma idan ya iso, da yawa sukan ɗauke shi yawon buɗe ido ko wata ƙofa ta ficewa daga ƙasa. Aiki ne sosai, wanda ake farawa watanni kafin a hau jirgi, a ci gaba da shi bayan an dawo. Ga yadda ake binsa daki-daki.

Fara da sanin shirin da kake nema

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a Shikago ta Amurka a 1905, gidauniyarta kuma ta samo asali a 1917. Mutanenmu sun fi saninta ta hanyar yaƙi da shan inna, wanda ta shiga gadan-gadan tun 1985. A 1965 ta ƙaddamar da shirin musayar tawagar ma'aikata, wanda ake taƙaita sunansa da GSE: matasa masu shekara 25 zuwa 40 waɗanda ba ƴan ƙungiya ba, da jagora ɗaya ɗan ƙungiya, su yi mako 4 zuwa 6 suna kwana a gidajen masu masauki. A 2013 gidauniyar ta sake tsari, ta maye gurbinsa da tawagar horon sana'a, VTT. Duk wanda ya zo maka da bayanin tsohon tsarin kamar shi ke aiki a ko'ina, bayaninsa ya kwana biyu, ko da yake wasu gundumomin Rotary, wato rukunin kulob-kulob na yanki ɗaya, har yanzu suna shirya irinsa da kuɗinsu.

A sabon tsarin babu iyakar shekaru. Abin da ake nema shi ne aƙalla shekara 2 kana aiki a fannin da tawagar za ta bi. Tawaga ba ta gaza mutum 3 ba, har da jagora. Idan da babban tallafin gidauniya za a yi tafiyar, kasafin aikin ba ya yin ƙasa da dalar Amurka 30,000, kuma dole a sami ɓangare biyu da suka ɗauki nauyi: kulob ko gunduma ta wannan ƙasa, da kulob ko gunduma ta waccan. Fannonin 7 ne: zaman lafiya, rigakafi da maganin cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar uwa da jariri, ilimin farko, bunƙasa tattalin arzikin al'umma, sai muhalli. Tawaga tana iya zuwa koyo, tana iya zuwa koyarwa.

Daga nan za ka gane cewa ba mutum ɗaya ke cike takarda a intanet ya aika a kira shi ba. Kulob ne ke nema. Saboda haka matakin farko shi ne ka san ƴan kulob. Shafin Rotary yana da wurin neman kulob na kowane gari, da rana da wurin da suke taro. Akwai kulob-kulob a Yamai. Idan aiki ya kai ka can, ka nemi wani ɗan ƙungiya ya gayyace ka taronsu a matsayin baƙo. Matasa kuma su nemi Rotaract, reshen da ke karɓar masu shekara 18 zuwa sama. Ka riƙe cewa shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, shugabannin kulob da gwamnan gunduma suna canzawa kowace shekara, kuma sababbin shugabanni sukan tsara ayyukansu tun kafin su karɓi ragama. Mai son a sa da shi ya yi magana tun watannin farkon shekara.

Ba a sayen gurbi. Duk wanda ya turo maka takardar gayyata ta WhatsApp ko Facebook mai tambarin ƙungiya, ya ce ka aiko da kuɗin dosiye ta Nita ko Amana, ɗan damfara ne. Ka nemi sunan kulob ɗin da ya ce yana wakilta, ka tuntuɓi shugabansa ta wata hanya dabam.

Tambayar da za ka tafi da ita

Nan ne tafiya ke yin amfani ko ta tashi a banza, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Masu tantancewa za su tambaye ka me za ka je nema. Mai cewa "ina son in ƙaro ilimi" bai faɗi komai ba. Ka zauna a wurin aikinka ka zaɓi matsala ɗaya wadda ke damunka kullum, wadda kuma kake da ikon taɓawa idan ka dawo.

Ɗauki misalin mai aikin ruwa. Kowa ya san Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma da bazara ta yi tsanani unguwanni sukan koma hannun ƴan garuwa. Idan ya ce zai je ya koyo yadda za a kawo ƙarshen matsalar ruwan Damagaram, ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Amma idan ya ce yana son ya ga yadda ake gano inda bututu ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa kafin ruwa ya ɓullo a titi, da yadda ake rubuta kowane gyara don a san layin da ya tsufa, to ya ba masu masauki abin da za su tsara masa. Za su san wurin da za su kai shi da wanda za su haɗa shi da shi. Haka ungozoma: maimakon "rage mutuwar mata", ta ce tana son ta ga yadda ake miƙa aiki tsakanin masu gadin dare da masu shigowa da safe, don kada a manta da mai naƙudar da jininta ya hau. Malamin aji mai yara 80 ya tambayi yadda ake gane yaron da bai iya karatu ba tun a watannin farko.

Ka rubuta tambayar a shafi ɗaya: ga halin da ake ciki, ga abin da muka gwada, ga inda muka tsaya. Ka haɗa da alƙaluman wurin aikinka na gaskiya, da izinin shugabanka. Ka kuma rubuta abin da kai za ka koya musu, domin akwai shi. Nas ɗin da ya ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani sau ɗari a damina ɗaya, ko wadda ta iya gane tamowa da zaren awon damtse, sun san abin da likitocin can da yawa ba su taɓa gani ba sai a littafi.

Harshe kuma kada ka ɓoye. Idan ƙasar masu Faransanci ce, an huta. Idan ta masu Ingilishi ce, ka faɗi iyakar abin da ka iya, ka fara koyon kalmomin sana'arka tun yanzu.

Izinin gida da na wurin aiki

Ma'aikacin gwamnati ba ya barin ƙasa da izinin baki. Takardar neman izini tana bi ta hannun shugaban sarbis, ta je ofishin jiha, wani lokaci har ofishin minista a Yamai, kuma kowane tebur yana cin kwanakinsa. Ka shiga wurin shugabanka da takardar gayyata da shafin tambayarka, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ga abin da nake son in je in gano mana, ga wanda zai riƙe aikina kafin in dawo." Shugaban da aka shawarta tun farko shi ne zai ba ka fili ka gwada sabon abu daga baya.

A gida ma haka. Ka sanar da iyaye da kanka, kada su ji a bakin maƙwabta. Ke kuma mai aure, ki zauna da maigida tun kafin sunanki ya fita, ki nuna masa jadawalin, da sunan jagora, da gidan da za ki sauka. Kina da damar neman a sauke ki a gidan da akwai uwargida, kuma masu shiryawa sun saba da irin wannan buƙata. A bar wa iyali cefanen kwanakin da kuɗin ko-ta-kwana.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidauniya tana son a miƙa mata buƙatar tallafin da ya ƙunshi tafiya aƙalla kwana 90 kafin ranar tashi, kai ma ka ɗauki wannan a matsayin ma'auninka.

Fasfo ne farko. Ka tanadi takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa, da hotuna, ka kuma duba harafi-harafi cewa sunanka iri ɗaya ne a cikinsu duka. Wannan matsala ta yi mana katutu: Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, ranar haihuwa nan 1 ga Janairu, can wata dabam. Ma'aikacin ofishin jakadanci ba ya karɓar bayanin baki. A gyara tun a gida. Tun Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, an kuma fito da fasfo na ƙawancen AES, don haka ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka je game da fasfon da ke hannunka kafin a sayi tikiti.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka ajiye katin cikin fasfo.

Biza ita ce mai cin rai. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, kuma ƙa'idojin shiga wasu ƙasashe ga ƴan Nijar sun yi ta canzawa tun 2023. Kafin kulob biyu su tsayar da ƙasa, a fara tabbatar da cewa ana ba mu bizarta da kuma garin da ake karɓar dosiye, domin wani lokaci sai an je wata ƙasa maƙwabciya, kuma kuɗin wannan zirga-zirga ya kamata ya shiga kasafi. Wannan ma ya sa nake ganin bai kamata a raina musaya da ƙasashen Afirka ba, irin su Maroko, Senegal, Gana ko Ruwanda. Abin da ka gani a can ya fi saurin dasuwa a nan.

Idan Turai ce ta yankin Shengen, ƙasashen da ake shiga da biza ɗaya, kuɗin biza yuro 90 ne tun Yunin 2024, wato wajen jika 59, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ana neman inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata 3 bayan ranar fitowarka. Ana iya ajiye dosiye tun wata 6 kafin tafiya. A ciki ka sa takardar gayyata mai ɗauke da jadawali da bayanin wanda zai biya komai, da shaidar aiki, da izinin fita, da takardun albashi, da bayanin asusun banki. Kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu mako ɗaya kafin ajiye dosiye, suna ganewa. Abin da suke son su tabbatar shi ne za ka dawo, kuma aikinka da iyalinka su ne hujjarka. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a waya, ka bar kwafi a gida.

Hanya da kaya

Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni da Doso, tafiyar yini guda cur a mota. Ka isa kwana biyu kafin jirgi. Daga filin Diori Hamani akan bi ta Kasabalanka, ko Istanbul, ko Adis Ababa, ko Lome. Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, amma kada ka canza filin tashi da kanka. Masu ɗaukar nauyi ne ke yanke tikiti bisa ƙa'idarsu.

Akwati yawanci kilo 23 ne, ka duba tikitinka. Kilishi da cuku su zauna a gida: ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga waje, Amurka ma tana tsanantawa kan nama. Tsaraba mafi dacewa tana hannun dukawanmu: ƙananan jakunkuna, da walat, da maƙalin makulli, marasa nauyi, masu ɗauke da aikin garinmu. Ka ƙirga gidajen da za ka sauka, ka ƙara ƴan kaɗan. Jagora zai taho da ƙananan tutocin kulob, domin al'adarsu ce a yi musayar tuta a kowane taro. Ka buga katin suna. Ka sa manyan kaya biyu na gida don taro, da kayan aiki masu sauƙi, idan lokacin sanyi ne kuma ka nemi riga mai kauri da safa a gwanjo, ka sa su a jakar hannu, domin sanyin zai tare ka tun daga ƙofar filin jirgi.

Maganin da kake sha ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na ɗan uwa ne, kada ka ɗauka. Kuma idan zazzaɓi ya kama ka a can, ka gaya wa likita nan take cewa daga ƙasar sauro ka fito, don a yi gwajin da ya dace. Ba shi ne zai fara zo musu a rai ba.

A gidan mai masauki

Kafin tafiya za a turo takardar tambayar abin da kake ci da wanda ba ka ci. Cike ta ba tare da kunya ba: ba naman alade, ba giya ko a cikin girki, kuma idan ba a samun yankan halal, kifi da ƙwai da ganye sun wadatar. Kunyar da za ta sa ka yi shiru ita za ta sa uwargida ta yini tana dafa abin da ba za ka taɓa ba. Ka faɗi cewa kana salla sau biyar, kana buƙatar ƴan mintoci da wuri mai tsafta, ranar Juma'a kuma kana son a kai ka masallaci idan akwai. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kana gida. Ƙaramar buta ta roba ta shiga akwati. Idan ka yi alwala ka goge ruwan da ya zuba a ƙasa, saboda banɗakunansu a bushe ake barinsu. Gidaje da yawa suna da kare a cikin ɗaki; in ba ka so, ka rubuta tun farko. Wanda ba ya musabaha da wani jinsi ya ɗora hannu a ƙirji da fara'a, jagora kuma ya yi musu bayani tun kafin a haɗu.

Ƙarfe 8 a wurinsu ƙarfe 8 ne. Mutanen da ke zirga-zirga da kai ƴan sa kai ne, sun bar aikinsu don kai. Ka ɗauke kwanonka bayan cin abinci, ka gyara shimfiɗarka, ka rage zaman ɗaki da waya. Hirar bayan abincin dare ita ce rabin abin da aka zo yi.

Za a sa ku gabatar da jawabi a taron kulob, yawanci minti 15 zuwa 20 ga tawaga duka. Ku gwada shi tun a gida da agogo. Ku nuna taswira, domin da yawa suna rikita Nijar da Najeriya. Ku nuna fadar Sarkin Damagaram da gine-ginen Birni, da kasuwar Dole, da hawan salla, ku faɗa musu cewa Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926. Sannan ku shiga aikinku, da nasara da matsala. Hoton majinyaci ko na yaro ba ya shiga sai da izini. Kada jawabin ya koma roƙo. Mutanen da suka ga kun san aikinku su ne ke tasowa bayan taro su tambayi yadda za a haɗa hannu. Za a tambaye ku siyasar ƙasa. Rotary ba ƙungiyar siyasa ba ce, amsa gajera cikin ladabi ta isa.

Ranakun ziyarar aiki su ne zuciyar tafiyar. Ido zai so ya tsaya kan manyan injuna, kai kuwa ka kalli abin da ke kewaye da su: takardar da ke manne a bango, wanda ke sa hannu a kanta, abin da ake yi idan an yi kuskure, yadda ake horar da sabon ma'aikaci a makonsa na farko. Ka nemi a bar ka ka zauna da ƙananan ma'aikata, ba shugabanni kaɗai ba. Ka roƙi kwafin takardun aikinsu marasa sirri. Kowane dare ka rubuta abin da ka gani, ka raba shi uku: wanda za a iya yi gobe ba kuɗi, wanda ke son kuɗi kaɗan, da wanda ba namu ba ne yanzu. Idan an yi maka tayin kyautar na'ura, ka yi godiya sannan ka tambaya: tana jure ƙura da zafin da ya haura digiri 40? Me zai same ta idan wuta ta ɗauke? Ina ake samun kayan gyaranta, wa zai biya kuɗin duwan? Na'urar da ba ta da waɗannan amsoshi ƙarshenta ɗakin ajiya.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wani zai kira ka a waya, ɗan uwa ko abokin makaranta da ke can, ya ce ka zame ka tsaya. Wanda ya yi haka ya ci amanar jagoran da ya sa hannu dominsa da gidan da ya ciyar da shi, kuma dosiyen ɗan Nijar na gaba shi zai ɗauki laifin.

Bayan dawowa

Rahoton ƙarshe na tallafi ana miƙa shi cikin wata 2 da kammala aiki, don haka ka adana rasit da guntun tikitin jirgi ka ba jagora. Ka aika wa kowane gida saƙon godiya a makon farko. Ka koma wurin shugabanka da rahoto gajere, ka nemi ya tara abokan aiki ka yi musu bayani. A wurin ka guji yawan "a can kuwa haka suke yi", yana toshe kunnen mutane. Ka ɗauko abu ɗaya daga rukunin farko na littafinka, ku gwada shi wata 3, ku auna, ka aika wa takwaranka na can sakamakon.

Sau da yawa su ma sukan turo tasu tawagar. Idan za su zo Damagaram, ku ba da shawarar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da zafi ya sauka, ku tuntuɓi hukumomin jiha da wuri kan ƙa'idar tafiyar baƙi a cikin ƙasa, ku kuma tanadi masauki mai gidan sauro da ruwan sha na gora.